BABI NA BAKWAI: NEMAN MASAUKI A GARIN JAMI'A, MISALIN SAMARU TA ZARIYA

7.0 Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an saki sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu a manyan makarantu, murnar iyaye ba ta daɗewa sai wata tambaya ta biyo baya: ina yaron zai kwana? Tambayar ba ƙarama ba ce. Ɗalibin da bai sami inda zai ajiye haƙarƙarinsa ba, ba zai sami natsuwar sauraron malami da rana ba, balle ya buɗe littafi da dare. Akwai waɗanda kan shafe makonnin farko na zangon karatu suna kwana a masallaci ko a aji. Akwai waɗanda kan biya kuɗin ɗakin da babu shi. Akwai kuma 'yan matan da iyayensu kan janye daga karatu ɗungurungum, saboda ba a sami wurin da hankali zai kwanta da shi ba.

Wannan babi zai dubi matsalar ta fuskoki biyu, wato zamantakewa da harshe. An zaɓi Samaru ta Zariya a matsayin misali saboda tana cikin tsofaffin garuruwan jami'a a Arewacin Nijeriya, kuma abin da ake gani a cikinta ana ganin irinsa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauransu. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne: a da, sanayya da amana ne suke tsare baƙo, a garin da masu nema suka fi ɗakuna yawa kuwa, waɗannan biyun ba su wadatarwa, sai ɗalibi ya san ma'anar kowace kalma da aka yi ciniki da ita, ya kuma sa a rubuta ta.

7.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana matsayin masauki a al'adar Bahaushe;
(b) kawo dalilan da suka haddasa ƙarancin masaukin ɗalibai a Samaru;
(c) tantance kalmomin da ake amfani da su a cinikin haya da asalinsu;
(d) rubuta gajeriyar yarjejeniyar haya da daidaitacciyar Hausa;
(e) shirya darasi ga 'yan makaranta daga abin da ya koya.

7.2 Masauki a Al'adar Bahaushe

Kalmar masauki ta samo asali ne daga aikatau sauka. An yi mata ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, sai ta zama sunan wuri, kamar yadda aka sami mazauni daga zauna, da makwanci daga kwanta. Ke nan, a asalinta kalmar ba ta ɗauke da ma'anar biyan kuɗi. Wuri ne kawai da matafiyi yake sauke kayansa ya huta.

Bahaushe ya daɗe da tsarin karɓar baƙi. A ƙauye, baƙon da bai san kowa ba akan kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya nema masa zaure ko shago. Fatake suna da zango a bayan gari, suna kuma da fatoma, wato mutumin da ke saukar da su, ya adana hajarsu, ya haɗa su da masu saye ta hannun dillalansa, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Wannan tsari ya bi Hausawa har zangunan Kumasi da Sabo ta Ibadan, inda masanin zamantakewa Abner Cohen ya nazarce shi a littafinsa na shekarar 1969. Mai neman ilimi ma yana da nasa tsarin. Birnin Zazzau ya shahara da unguwannin malamai irin su Juma da Kona, inda ɗalibai kan zo daga nesa su zauna a zaurukan malamansu ko na maƙwabta, su saka da hidima da ladabi.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan tsare-tsare mai masauki ya san baƙonsa, ko ya san wanda ya aiko shi. Idan aka sami saɓani akwai dattijon da zai shiga tsakani, kuma kowa yana jin kunyar a ce ya ci amana. Haka kuma baƙin ba su da yawa, zamansu kuma ba mai tsawo ba ne, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne. Ɗalibin jami'a kuwa baƙo ne na shekara huɗu ko biyar ko shida, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, dubbai ne suke sauka a mako guda.

7.3 Yadda Samaru ta Cika

Samaru tana arewa maso yamma da birnin Zazzau, a kan hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna. Abin da ya fara fito da sunanta shi ne tashar binciken aikin gona da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1922. A ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ta fara ne da ɗalibai 426, a lokacin da jami'o'in Nijeriya duka guda 5 ne kacal. A wancan zamani ba a raba gurbin karatu da gurbin kwana, domin an tsara jami'ar ne a kan ɗalibi zai zauna a cikinta.

A yau ɗaliban jami'ar dubun-dubata ne. Dalilan wannan bunƙasa a fili suke. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yara, shirin ilimin bai-ɗaya na 1999 ya ƙara faɗaɗa ta, waɗannan yara kuwa su ne suka girma suka nufi manyan makarantu. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980 da matakan tsuke bakin aljihu na 1986 sun rage kuɗin gine-gine a daidai lokacin da ake buƙatarsu. Ƙara kujeru a aji ya fi gina sabon ɗakin kwana sauƙi, don haka yawan ɗalibai ya yi wa yawan gadaje fintinkau.

Jami'ar tana da gidajen kwana sanannu, irin su Akenzua da Ɗanfodiyo na maza, da Amina da Ribadu da Alexander na mata. A 2019 Gidauniyar Ɗangote ta miƙa mata sababbin gine-gine masu ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000. Duk da haka, yawan masu nema ya zarce gurbin da ake da shi. Bugu da ƙari, ba jami'a kaɗai ke jawo baƙi Zariya ba. Akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, da makarantar horar da malamai da aka daɗe ana kira FCE, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Asibitin Koyarwa na Shika, da cibiyoyin bincike da dama. Ɗalibai da ma'aikatan waɗannan wurare duk ɗakuna suke nema.

Sakamakon haka shi ne unguwanni irin su Hayin Dogo da Ɗanraka da Bomo da Zango da Palladan da Hanwa suka cika da gidajen haya. Gonaki sun zama filaye, filaye sun zama gidaje, wasu magidanta ma sun yanka gidajensu na gado sun fitar da ɗakuna. Masauki, wanda a da alheri ne da ake yi wa baƙo, ya zama haja.

7.4 Ire-iren Masaukin Ɗalibai

Ana iya kasa masaukin ɗalibai gida huɗu.

Na farko shi ne gurbin gado a cikin makaranta. Shi ya fi araha, ya fi kusa da aji da ɗakin karatu, yana kuma ƙarƙashin kulawar hukuma. A yawancin jami'o'i akan fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe, kuma ta intanet ake nema, wanda ya riga shi ya samu. Aibinsa shi ne cunkoso.

Na biyu shi ne raɓawa, abin da ɗalibai ke kira sikwatin. Wanda bai sami gado ba sai ya raɓu da abokinsa ko ɗan garinsu, har ɗakin da aka gina don mutum huɗu ya ɗauki ninkin haka. Dokokin makarantu sun hana wannan, haka kuma sun hana sayar da gurbin gado. Wanda ya sayi gurbi a hannun wani ɗalibi ba shi da wata hujja idan aka zo bincike, domin sunan da ke cikin rajista ba nasa ba ne.

Na uku shi ne haya a wajen makaranta. A nan akwai gidan haɗaka, inda ɗakuna ke jere suna fuskantar juna ana tarayya a banɗaki da madafa. Akwai ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki. Akwai kuma ciki da falo, wanda ɗalibai biyu ko uku kan haɗa kuɗi su kama.

Na huɗu shi ne zama a gidan dangi ko abokin uba. Wannan shi ne ragowar tsohon tsari. Ba a biyan kuɗi, amma ana biya da aike da aikin gida da haƙuri, wani lokaci ma a daidai lokacin da ya kamata a ce ana bitar karatu.

7.5 Harshen Cinikin Haya

Kowace sana'a tana da Hausarta. Hausar cinikin haya ta haɗa kalmomi daga tushe uku, kuma wannan kansa tarihi ne. Daga Larabci aka aro dillali da la'ada da amana da shaida. La'ada a Larabci tana nufin abin da aka saba, a Hausa kuma ta zama ladan dillali. Daga Turanci aka aro haya da ejan da rasit da notis da mita da falo. Na gida kuwa su ne tayi da rangwame da kamu. Kafin alƙalami, wanda asalinsa ɗan abin da ake ba malami ne kafin ya fara rubutu, yanzu ya zama kuɗin da ake fara bayarwa don a riƙe wa mutum ɗaki.

Ga misalin tattaunawa da aka tsara domin nazari, tsakanin sabon ɗalibi da wani dattijon dillali:

Ɗalibi: Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa.
Dillali: Alaikumus salam, samari. Daga ina?
Ɗalibi: Daga Malumfashi, Baba. Karatu aka ba ni, ɗaki nake nema.
Dillali: Ka zo a makare, ɗana, duk an kame. Amma akwai wani guda ɗaya nan kusa da makaranta. Ruwa akwai, wuta akwai. Mutum biyu sun riga sun gani.
Ɗalibi: Nawa ne shekara?
Dillali: Dubu ɗari biyu, ban da la'ada.
Ɗalibi: A yi mini rangwame, Baba. Ɗari da hamsin.
Dillali: Albarka. Kawo ɗari da tamanin in roƙar maka mai gida. Ka ajiye wani abu yanzu kada a riga ka.
Ɗalibi: Na ji an ce rufin yana yoyo.
Dillali: Ba komai, za a gyara. Kai dai ka shiga.

Idan aka duba da kyau, babu ƙarya ƙarara a cikin maganar dillalin, amma kusan kowace jimla tana da fuska biyu. "Kusa da makaranta" na iya nufin tafiyar minti biyar, na iya nufin ta minti arba'in, domin harabar jami'a faɗi gare ta, kusa da katanga ba kusa da aji ba ne. "Ruwa akwai" bai bambance famfo da burtsatse da rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris ba. "Wuta akwai" bai faɗi ko kuɗinta na cikin haya ba, bai kuma faɗi mutum nawa ke kan mita ɗaya ba. "Shekara" ba ta bayyana ranar farawa ba: ranar biya, ko ranar shiga, ko ranar da tsohon ɗan haya ya fita? "Mutum biyu sun riga sun gani" dabara ce ta sa mai saye gaggawa.

Jimlar da ta fi dacewa da nazari ita ce "za a gyara". An gina ta da wakilin suna boyayye, wato a, wanda ba ya nuna mai aikatawa. Ba a ce "zan gyara" ba, ba a ce "mai gida zai gyara" ba, ba a kuma ambaci lokaci ba. Hausa tana amfani da wannan siga wajen ladabi da sakaya zance, amma a ciniki tana ba mai magana hanyar zamewa, domin alkawarin da ba shi da mai shi ba a kama kowa da shi. Haka ma "ba komai": magana ce ta kwantar da hankali, ba ɗaukar nauyi ba ce.

A nan ne al'ada ke ɗaure ɗalibi. An tarbiyyantar da shi a kan kada ya ja da babba, kada ya nuna yana zargin dattijo. Neman rasit a hannun sa'an mahaifinsa sai ya zame masa kamar rashin kunya. Amma Hausa ba ta rasa hanyar neman haƙƙi cikin ladabi ba. Ɗalibi na iya cewa: "Baba, don Allah a ɗan rubuta mini, mahaifina ne ya ba da kuɗin, shi zan kai wa." Ko kuma: "Baba, wa zan tuntuɓa a kan gyaran, kuma zuwa yaushe?" Da irin wannan lafazi ya jingina buƙatarsa ga wani babba, ya fito da mai aikatawa daga ɓoye, bai kuma zubar da girman kowa ba.

7.6 Abubuwan Dubawa Kafin a Biya

Rigakafi ya fi magani. Akwai abubuwa biyar da ya kamata mai neman ɗaki ya tabbatar da idonsa.

Na ɗaya, mallaka. Ya san wane ne mai gidan, ya kuma tabbatar wanda zai karɓi kuɗin yana da izininsa. Damfarar da ta fi yawa ita ce a nuna wa mutum ɗakin da ba na haya ba, ko a karɓi kafin alƙalami daga mutum uku a kan ɗaki guda, ko a sa hoton ɗaki a WhatsApp ko Facebook a ce a turo kuɗi kafin a zo. Mai unguwa da tsofaffin 'yan hayan gidan su ne shaidun da suka fi saukin samu. Kada a biya kuɗin ɗakin da ba a shiga cikinsa ba.

Na biyu, ruwa da tsafta. A ga rijiyar ko famfon, a tambayi yadda suke da bazara, a san farashin jarka a wurin 'yan garuwa. A duba tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, domin kusancinsu shi ke kawo taifot da amai da gudawa. Wanda ya nemi ɗaki da rani ya dubi bango da silin, tabon ruwa zai gaya masa labarin damina.

Na uku, nisa. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa arahar ɗaki mai nisa ta ido ce. A ɗauka ɗaki na kusa Naira 200,000 ne, na nesa kuma Naira 150,000. Idan mai zama nesa yana kashe Naira 500 kullum a kuɗin mota zuwa da dawowa, kwana 5 a mako, mako 30 a shekarar karatu, ya kashe Naira 75,000. Jimillarsa ta zama Naira 225,000, ban da lokacin da ya ɓata da laccar safe da ya rasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Na huɗu, tsaro. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata, daga gidajen haya da ke Sabon Gida, a wajen harabar makarantar. A watan Oktoban shekarar an sace wasu ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma daga masaukinsu na cikin gari. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa gidan da ke gefen gari, inda haya ta fi sauƙi, shi ne kuma ya fi fuskantar haɗari. Ya kamata a duba katanga da ƙofa da hasken layi, a kuma tambaya ko unguwar tana da 'yan sintiri.

Na biyar, abokan zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda za a haɗa kuɗi da shi a kama ɗaki, a san halinsa, a kuma yi magana tun farko a kan baƙi da girki da lokacin barci da abin da zai faru idan ɗaya ya tashi kafin shekara ta cika. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da aka fayyace tun ranar farko shi ke rage saɓanin.

7.7 Rubutacciyar Yarjejeniya

Rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Malaman fiƙihu sun yi bayanin haya a ƙarƙashin babin ijara, inda suka shardanta a san kuɗin, a kuma san wa'adin. Abin da ya sauya shi ne, a da shaidu sun san juna, yanzu kuwa takarda ce ke tsayawa a madadin sanayya. Yarjejeniyar haya ba sai ta yi tsawo ba, amma ta ƙunshi waɗannan:

(a) cikakken sunan mai gida da na ɗan haya, da na wakili idan akwai;
(b) kwatancen gidan da lambar ɗakin;
(c) adadin kuɗin, da lambobi da kuma kalmomi;
(d) ranar farawa da ranar ƙarewa;
(e) la'ada, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da wanda zai biya ta;
(f) kuɗin ajiya na ɓarna, da sharaɗin mayar da shi;
(g) wanda ke da alhakin wuta da ruwa da kwashe shara da gyara;
(h) yawan mutanen da aka yarda su zauna;
(i) sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu biyu, kowa da kwafinsa.

Akwai wani sharaɗi da ya keɓanta ga ɗalibai, wato abin da zai faru idan an rufe makaranta. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ɗalibin da ya biya hayar shekara a watan Janairun wannan shekara ya bar ɗakinsa a kulle kusan duk wa'adin, ya dawo ya tarar saura 'yan makonni a nemi sabon kuɗi. Shekarar mai gida wata 12 ce, shekarar ɗalibi kuwa zango biyu ne, komai daɗewarsu. Mai gida yana da hujja, domin ɗakin yana hannun ɗalibi. Ɗalibi ma yana da kuka. Maganin wannan shi ne a tattauna shi kafin a biya, ba bayan an dawo ba.

Game da tashi kuwa, a dokokin haya na jihohin Nijeriya da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuma na wata 1. Idan an rubuta takamaimiyar ranar ƙarewa, haya tana ƙarewa a ranar. Ko a wane hali, akwai ƙarin notis na kwana 7 kafin a je kotu, kuma kotu ce ke da ikon fitar da mutum. Doka ba ta ba mai gida damar cire ƙofa ko yaye rufi ko watsar da kaya da kansa ba. Shi ma ɗan haya wajibi ne ya biya a kan lokaci, ya kula da ɗakin, ya girmama al'adun unguwar da ya tarar. Yawancin masu gidaje da dillalai mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, takarda kuma tana kare su kamar yadda take kare ɗalibi.

7.8 Amfanin Darasin ga Malami

Mai koyon aikin malanta yana da buƙata ta musamman da wannan darasi. Da farko, shi kansa zai nemi masauki lokacin koyarwar gwaji, da kuma ranar da aka tura shi garin da bai san kowa ba. Na biyu, ɗalibansa na babbar sakandare su ne za su tsaya gaban dillali nan da shekara ɗaya ko biyu, wasunsu kuma su ne na farko a gidansu da za su je jami'a, ba su da yaya ko ƙanin uban da zai faɗakar da su.

Malamin Hausa na iya sarrafa batun ta hanyoyi da dama. A darasin insha'i, 'yan aji su rubuta wasiƙar neman gyara zuwa ga mai gida. A darasin nahawu, su mayar da jimloli masu ɓoyayyen wakilin suna zuwa masu bayyanannen mai aikatawa. A darasin ginin kalma, su tattaro sunayen wuri masu ɗafa-goshin ma-. A darasin wasan kwaikwayo, su fito a matsayin dillali da mai gida da ɗalibi da mai unguwa. Ta haka yaro zai ga cewa nahawu ba abin haddacewa don jarrabawa kaɗai ba ne, yana iya tsare masa kuɗin da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya tara.

7.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda masauki ya tashi daga alherin da ake yi wa baƙo ya koma hajar kasuwa, da yadda bunƙasar ilimi ba tare da isassun gine-gine ba ta cika Samaru da kewayenta da masu neman ɗaki. An kawo ire-iren masauki huɗu, an nazarci kalmomin ciniki da jimloli masu fuska biyu, an kuma jero abubuwan dubawa da na rubutawa. Gina isassun ɗakuna nauyi ne da ke kan gwamnati da hukumomin makarantu da masu hannu da shuni. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya gani da idonsa, ya tambaya cikin ladabi, ya kuma riƙe takardarsa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda aka gina kalmar masauki, sannan ka kawo wasu kalmomi biyar masu irin wannan gini.
2. Mene ne bambancin fatoma da dillalin gidajen haya na yau?
3. Kawo dalilai uku da suka haddasa ƙarancin masaukin ɗalibai a Samaru.
4. Fito da jimloli huɗu masu fuska biyu daga tattaunawar da ke 7.5, ka sake rubuta kowace yadda za ta zama da ma'ana ɗaya.
5. Rubuta yarjejeniyar hayar ɗaki wadda ba ta wuce kalmomi 150 ba.

Aikin Yi

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ziyarci unguwa guda da ke kusa da kwalejinsu, ya tattaro kalmomi 20 da ake amfani da su a harkar haya, ya kasa su bisa asalinsu, sannan ya gabatar a aji.